Wane suna za mu raɗa wa ciwon ƙodar nan na gado?

Jama'a, a taimaka min da kalma. Wankin ƙoda da dashen ƙoda sun zauna a bakin kowa, ba mai gardama. Amma ciwon da likitoci ke kira PKD, wato polisistik, har yau ban ji sunan da ya kama shi ba.

Wasu 'yan jakunkuna ne cike da ruwa ke tsirowa a ƙodojin biyu, suna yawa suna girma a hankali har su danne naman da ke tace jini. Sau da yawa hawan jini ne ke fara sallama. Kusan rabin masu shi ƙodarsu kan gaza zuwa shekara 60.

Wani ya kawo "ƙurajen ƙoda". Ban karɓa ba. Ƙurji da mugunya aka san shi, wanda ya ji zai ɗauka ƙwayar cuta ce ta shiga, ya bazama neman maganin kashe ta. "Ƙari" kuwa ya fi muni, da ka faɗa hankali ya tafi kan ciwon daji.

Ni bororo na zaɓa, irin wanda ƙuna ke tayarwa: fata siririya, ruwa a ciki. Bororon ƙoda na gado.

Wata 'yar'uwa ta ce, "Malam, ai bororo fashewa yake ya warke." Gaskiyarki, wannan ba ya bajewa. Ko maganin tolbaptan da Amurka ta amince da shi a 2018 rage masa gudu kawai yake yi. Duk da haka siffar ta fito, ita nake nema.

"Na gado" ɗin ne ba zan bari a yanke ba, ko don gajarta suna. Mutum kan samu jaka ɗaya ko biyu a ƙoda don tsufa, ba komai. Wannan daban ne, daga ƙwayoyin gado yake: PKD1 da aka gano a 1994, da PKD2 a 1996. In uwa ko uba na da nau'in da ya fi yawa, kowane ɗa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko ya tsira. Shi ya sa in an zo dashe, ɗan'uwan da ya miƙa ƙodarsa sai an fara yi masa hoto, kada a je shi ma yana ɗauke da shi bai sani ba. Ƙodar da aka dasa kuwa ba ta yin bororon.

Saura kalma ɗaya ta gagare ni: in jiki ya juya wa ƙodar da aka dasa baya yana yaƙarta, "ƙi" za mu ce ko "bore"?