Farar wuta a mashigar jirgin ƙasa: in wuce ko in tsaya?

Ɗan Fagge a Liberec:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aikin kai kaya da ƙaramar mota a arewacin Jamhuriyar Cek, wani lokaci aikin yakan tsallaka da ni Jamus ta wajen Dresden. A nan Cek, inda titin mota ya ratsa layin dogo akwai jajayen fitilu biyu a sama da wata fara guda a ƙasansu. In jirgi na tafe jajayen ne ke ƙyaftawa, wannan ta kama waccan ta mutu, ga ƙararrawa. In babu jirgi sai farar ta riƙa ƙyaftawa a hankali kamar mai gyangyaɗi. Malamin tuƙina ya ce ma'anarta na'urar tana da rai, kuma doka ta yarda in ratsa da gudun kilomita 50. In ba ta ci, 30 ne iyakata tun daga mita 50 kafin layin, kuma ido da kunne su ne nawa.

To da na shiga Jamus sai na tarar babu wannan farar ko ɗaya. Fitila a mace take sai jirgi ya taso, sannan ruwan ɗorawa ta kama, ja ta biyo baya ta tsaya cak, ba ƙyaftawa, kamar danjar cikin gari. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, amma fitilar da ke mace a can tana nufin hanya a buɗe take, a nan kuwa tana iya nufin abin ya lalace. Wallahi ƙafata kan rasa inda za ta sa kanta, birki ko totur. Ku da ke wasu ƙasashen yaya abin yake? Kuma in Allah ya kiyaye sandar rufe hanya ta sauko gaba da baya mutum na tsakiya, me ake yi?

Maman Ilham, Leeds:

Wa alaikumus salam. Mu a Ingila ruwan ɗorawa ce ke fara kamawa na ɗan lokaci kaɗan, sai jajaye biyu masu ƙyaftawa. Wannan jar ta fi ta danja ƙarfi, ko motar asibiti mai jiniya ba ta da izinin ƙetare ta. Kuma in jirgi ya wuce ka ga wuta ba ta mutu ba, kada ka ce ta lalace, wani jirgin ne ke tafe. Faransawa ma har allo suke kafawa mai cewa jirgi na iya ɓoye wani jirgin.

Ruwan ɗorawar nan da jini aka saye ta. A watan Janairun 1968, a wani ƙauye mai suna Hixon, wata doguwar mota ɗauke da taransifoma mai tan 120 tana rarrafawa a kan layi, har da rakiyar 'yan sanda, sanda ta sauko mata a kai. Daƙiƙa 24 kacal na'urar take bayarwa kafin jirgi ya iso, ita kuwa motar minti guda take buƙata ta gama tsallakawa. Mutum 11 suka rasu. Daga nan aka ƙara lokacin gargaɗi, aka matsa wa masu manyan motoci da masu tafiyar hawainiya su tsaya su buga wayar da ke gefen mashigar, sai mai kula da sigina ya ce bismilla.

Tambayarka ta biyu kuwa amsarta na ƙofar gidanka, Malam. A Studénka, nan Cek ɗinku, a 2015 wani direban tirela ya maƙale tsakanin sanduna biyu, bai banke ta gabansa ba, jirgin fasinja mai gudu da ake kira Pendolino ya same shi, mutum uku suka mutu. An yi sandar ne don ta karye. Ka taka mota ka wuce da ita, a yi maganar kuɗin gyara daga baya.

Garba Tirela, Ohio:

Hajiya ta gama magana kan sandar. Abin da zan ƙara, a Amurka kunne ake fara yi wa magana. Direban jirgi dole ya busa ƙaho tun daƙiƙa 15 zuwa 20 kafin mashiga: dogo, dogo, gajere, dogo, na ƙarshen ya ja shi har kan jirgin ya hau titi. Duk wanda ya taɓa kwana a masaukin direbobi kusa da layi ya haddace shi ba don yana so ba. Motar 'yan makaranta da tankar mai kuwa, akwai jirgi babu jirgi sai sun tsaya. Direban motar yaran har ƙofa yake buɗewa ya saurara. A ƙauyuka mashigai da yawa ba su da wuta ba su da sanda, farin allo ne kawai mai siffar X. Abin da na fi yabawa shi ne wani ɗan shuɗin allo da ke kowace mashiga, da lambar waya da lambar wurin. Cikin tirelarka ya daki ƙarfe ta maƙale? Fita ka kira wannan lambar kafin ka kira kowa, su ne ke iya tsayar da jirgi. Jirgin kaya mai gudun kilomita 90 yana cin fiye da kilomita ɗaya da rabi bayan an danna birki, don haka in direbansa ya hango ka, aikin gama ya riga ya gama.

Baba Tsohon Reluwe, Sabon Garin Zariya:

Jikana ne ya karanta mini, shi ke rubuta mini amsar. Ɗana na Fagge, farar wutar nan da ke rikita ka ita ce mafi hankali cikin duk abin da aka lissafa, kuma ba Cek kaɗai ke da ita ba, akwai ta a Suwidin da Rasha.

Ka san yadda na'urar ke sanin jirgi ya zo? Wuta 'yar kaɗan ake sakawa a ƙarafan layi biyu. In ƙafafun jirgi suka hau, ƙarfen da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu ya haɗe ƙarafan, wutar ba ta isa inda take zuwa, sai na'ura ta ce jirgi ne. An ƙera ta yadda in waya ta tsinke ma, sai ta ɗauka jirgi ne ta rufe hanya. Dabara ce mai kyau. Amma wane ne zai gaya wa direba cewa batir ya mutu, ko ɓarayin ƙarfe sun kwashe wayar tun makon jiya? Fitila mai duhu ba ta magana. Ita farar ke cewa ina nan, ban mutu ba.

Mu dai tun da jirgi ya iso Kano a 1911, abin da muka sani shi ne mutum. Mai gadin get da jar tutarsa da fitilar hannu, ya ji usur daga nesa, ya fito daga 'yar rumfarsa ya ja ƙofa. Na yi aiki da wani da ya san duk masu amalanken unguwar da sunansu, in ya daka wa mutum tsawa sai ya ja da baya don kunya. Ni har gobe ina ganin a wurinmu mutum ya fi na'ura. Kawo sandar nan ta Turawa mai rufe rabin titi ka kafa a Kano, ka ga yadda a-daidaita-sahu zai zagaye ta, na bayansa ya bi, na bayan na bayansa ya yi masa ham don bai yi sauri ba. Ko a Ikeja a watan Maris na 2023, da jirgi ya kwashi bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas a mashigar PWD, rahotanni sun ce masu tuta sun tsayar da motoci, direban ne ya kutsa. Can ma Indiya, da suka gaji da ɗaukar gawa, zuwa farkon 2019 sai da suka kawar da duk mashigar da ba mai gadi a manyan layukansu, wasu aka sa mutum, wasu aka haƙa hanya ta ƙasa.

Maman Ilham, Leeds:

Allah ya ƙara girma Baba, amma a yi mini afuwa, mutum ma yana barci. A Manfalut ta Masar a 2012 akwai mai gadi a wurin, ba a rufe get ba, yara 'yan makaranta kusan 50 suka tafi. A Japan suna da na'ura har da kibiya mai nuna ta inda jirgi zai ɓullo, da maɓallin gaggawa, duk da haka doka ta ce kowace mota ta tsaya cak ta duba, ko da sanda na sama.

Baba Tsohon Reluwe, Sabon Garin Zariya:

Gaskiyarki 'yata. To ki tambayi awa nawa wannan mai gadin ya yi a bakin aiki kafin barcin, da nawa ake biyansa. Ni abin da nake roƙo a layin Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa, duk inda hanyar kasuwa ko burtalin shanu ya ratsa, a yi gada ko a huda ta ƙasa tun yanzu da 'yan kwangila ke wurin. In sun kwashe kayansu, sai dai mu koma rubuta takardar koke.