Za a gyara laburaren ƙaramar hukumarmu, da me ya kamata a fara?

Malamin_Firamare:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar laburare. An sa ni cikin wani ɗan kwamiti da ciyaman ɗinmu ya kafa kan gyaran laburaren garinmu, an ce mu kawo tsari kafin a rufe kasafin kuɗin baɗi. Kun san tun hukuncin kotun ƙoli na watan Yulin 2024 kan bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye mutane suka fara matsa wa ciyamomi lamba a ga aiki a ƙasa, to matasanmu laburare suka nema.

Wurin dai zaure ɗaya ne babba da ɗan ofis, kwano na yoyo, silin ya rufto ta kusurwar gabas, gara ta cinye littattafan da ke kantar ƙasa, ma'aikaci ɗaya ne kuma da azahar yake kullewa. Yanzu kan kwamitin ya rabu, wasu sun dage a zuba kwamfutoci a ja intanet a ce an zamanantar, ni kuma gabana faɗuwa yake don na ga irin haka a wasu wurare, a yanka kyalle a ɗau hoto bayan damina ɗaya ka tarar ƙura ta rufe komai. Da me ya kamata mu fara?

Tsohon_Ma'aikaci:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya taimaka. A laburare na yi aikina har na yi ritaya, don haka abin ya taɓa ni.

Kafin komai ku binciko wa ke da ginin a takarda. Da yawan laburaren da ake gani a ƙananan hukumomi rassa ne na hukumar laburare ta jiha, kamar yadda a Kano hukumar ke riƙe da babban laburaren Murtala Muhammed da rassanta na wajen birni. In na jiha ne ku zauna da su a rubuta waye zai biya albashi, waye zai biya wuta, waye zai sayi littattafai, in ba haka ba ranar da fanka ta lalace kowa zai ce ba nasa ba ne.

Sai rufi da gara. Wallahi kada a shigo da ko waya ɗaya ta lantarki ɗakin da ke yoyo. A canja kwano, a yi feshi, a cire kantocin katako a sa na ƙarfe masu ƙafa yadda tsintsiya za ta shiga ƙarƙashi, kuma kada a jingina su da bango. Littattafan da suka ruɓe da tsofaffin littattafan kimiyya da manhaja ta wuce su a tace a fitar, na san mutane na jin zafin zubar da littafi amma kanta cike da abin da ba mai buɗewa ita ke korar yaro, ya shigo ya duba ya ga babu nasa ba zai dawo ba. Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo da takardun tarihin gari kuwa waɗannan a killace su daban, ba sa tsufa.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne mutum da kuɗin gudanarwa. Kwangila kowa na so, kuɗin wata-wata na sabulu da kwan fitila da jarida da data shi ne ba wanda ke tunawa, kuma shi ke kashe laburare. Ku dage a rubuta shi a kasafi da sunansa. Sannan ku nemi wanda ya karanci aikin, ABU Zariya da BUK duk suna yaye ɗalibai a fannin nan, ina da yaƙinin a ƙaramar hukumarku akwai mai digiri ko difloma da ke zaune ba aiki. Mutum biyu a ƙalla, ɗaya safe ɗaya yamma, don wurin da ake kullewa da azahar lokacin da yara ke tashi daga makaranta to wa aka buɗe wa?

Abba_ICT:
Baba na yarda da kai a maganar rufi da ma'aikata, amma dan Allah kada a tura kwamfuta can ƙarshen layi. Tun 2015 JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma har yau akwai yaron ƙauye da ranar jarrabawa ce ranar farko da zai ɗora hannu kan linzamin kwamfuta, ka gan shi yana zufa hannu na rawa lokaci na tafiya alhali ya san amsar. Wannan yaron ba shi da inda zai je in ba laburare ba.

Matsalar wuraren da Malam ya gani yawanci an sayo manyan kwamfutocin tebur ne masu shan wuta aka haɗa su da janareta, ranar da kuɗin mai ya yanke shi ke nan. Ku sayi laftof kaɗan masu ƙwari, ku sa sola da batir da inbata daidai ƙarfinsu har da fankoki da fitilu. Kuma ba dole sai da intanet kullum ba, akwai wata manhaja mai suna Kiwix da ake sauke kundin bayanai na Wikipedia dungurungum har da ta Hausa a karanta ba data, ga manhajojin gwajin JAMB da ake sakawa sau ɗaya. Na rajistar littattafai da aro kuma akwai manhajar Koha, kyauta ce, asalinta ma wani laburaren ƙaramin yanki ne a New Zealand ya sa aka rubuta masa ita a 1999. Ku ware soket na cajin waya, za ku sha mamakin yadda zai jawo mutane.

Maman_Biyu:
Sannunku da ƙoƙari Malam. Tambayata, akwai mace a kwamitin naku? In babu ku sa. Mu abin da ke hana mu zuwa ba rashin kwamfuta ba ne, babu banɗaki mai ƙofa, babu ruwa, ga samari sun tare bakin ƙofa, wane uba ne zai bar 'yarsa budurwa ta je? A ware mana ɓangare ko da labule ne, ko a ba mu wasu ranaku. Kuma a sayo littattafan Hausa, mata na karatu sosai, ku duba yadda ake rububin labarai a WhatsApp da Wattpad. A sa na addini da na ajami da na yara masu hotuna, ranar Asabar a shimfiɗa tabarma wata malama ta karanta wa ƙanana labari. In ma ciyaman ya ce ba huruminsa ba ne, tsarin mulkin 1999 ya sa ilimin firamare da na manya cikin ayyukan da ƙaramar hukuma ke da hannu a ciki, ajin yaƙi da jahilci na matan aure zai zauna daram a zauren nan da hantsi lokacin da yara ke makaranta.

Ɗan_Damagaram:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan akwai ƙananan gidajen karatu da ake kira CLAC, tsarinsu gari ne ke ba da gini da mai kula, littattafai da kayan wasa kuma su zo daga abokan hulɗa. Inda hukumar gari ta riƙe mai kula da kyau za ka tarar wurin cike da 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ana gasar karatu ana wasan kwaikwayo. Ku sa masu unguwanni da shugabannin makarantu cikin masu sa ido, don in ciyaman ya sauka kada abin ya sauka tare da shi.

Malamin_Firamare:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hajiya gaskiyarki, babu mace ko ɗaya, zan kai maganar zaman gaba. Baba gobe in sha Allahu zan je sakatariya in nemi fayil ɗin ginin. Abba dan Allah in za ka iya rubuto mini ƙarfin solar da za ta ɗauki laftof goma da fanka huɗu da fitilu, ina so in shiga zaman da lissafi a hannu.