Jos ko Bukuru? Ina neman shawara kafin in biya kuɗin gida

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zama a Filato ko suke da 'yan'uwa a can.

Ni haifaffen Tudun Wadan Zariya ne, sana'ata kayan gwari. Dankalin Turawa da kabeji da karas nake ɗaukowa daga Filato in sauke a nan, wani lokaci in wuce da su Kano. Harkar ta kai yanzu kwanana a can ya fi kwanana a gida yawa, kuma na gaji da raɓewa a ɗakin abokai. Maiɗakina 'yar Jos ce, iyayenta suna Gangare. Sai muka ga gara mu sayi gida mu koma da yara gaba ɗaya.

Gida biyu dillalai suka nuna mini da suka kwanta mini a rai. Na farko yana Rikkos, cikin Jos. Tsohon gini ne, ɗaki uku da falo, tsakar gidan ƙarama ƙwarai, lungun kuma mota ba ta shiga. Babu rijiya, sai dai a sayi ruwa wurin 'yan garuwa. Amma daga nan zuwa gidan surukaina keke ɗaya ne, kasuwar Farin Gada ma ba nisa, kuma ta nan hanyar Zariya ta fita.

Na biyun yana Bukuru, gefen gari. Ɗaki huɗu, fili a baya da zai ɗauki rumbun ajiyar dankali, ga rijiya a ciki, ga ƙofa da ƙaramar mota za ta shiga da kaya. Kuɗinsa bai kai na Rikkos ba. Kuma kayana daga Bokkos da Mangu da Barkin Ladi suke fitowa, ta Mararrabar Jama'a, to Bukuru suke fara isa kafin Jos. Abin da ya tsaya mini shi ne akwai wani babban kududdufi da haƙar kuza ta bari a bayan unguwar, kuma ban san kowa a layin ba sai dillalin.

Tsakanin garuruwan kamar kilomita 15 ne kawai, amma kowa na tambaya sai ya yi mini magana kamar ƙasa biyu ce. Gidanmu na Tudun Wada na gado ne, ba zan taɓa shi ba, amma filina na Ɗanmagaji zan sayar in cika kuɗin. Shi ya sa ba na son in yi gaggawa. Wanne za ku ɗauka in ku ne?

Ɗan Gangare mazaunin Samaru:

Wa alaikumus salam. Alhaji, a Gangare aka yanke mini cibiya, aiki ne ya kawo ni Samaru, don haka bari in faɗa maka abin da dillali ba zai faɗa ba.

A Jos ba gida ake fara saya ba, unguwa ake saya. Tun rikicin Satumban 2001, aka sake yi a Nuwamban 2008, aka kuma a Janairun 2010, mutane suka rarrabu, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa. Musulmi sun rasa rayuka da gidaje, Kirista ma sun rasa, babu wanda ya ci riba. Wannan ne ya sa ka ga tsohon gida mai ƙaramar tsakar gida a Rikkos ya fi sabon gida mai fili tsada. Jama'a sun cunkushe a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo da Dilimi da Nasarawa, fili ya ƙare, kuɗi ya hau. Ba siminti kake biya ba a wannan ƙarin, maƙwabta kake biya.

Bukuru ma tana da Hausawa tun zamanin haƙar kuza, kuma a 2010 ta ji jiki, har kasuwarta aka ƙona. Ba ina cewa kada ka zauna can ba. Ina cewa kalmar da ka rubuta, "gefen gari", ita ce ta tayar mini da hankali. Gefen wane ɓangare? Su wa ke bayanka? In aka sa dokar hana fita kana Bokkos wurin lodi, wa zai leƙa iyalinka? A Rikkos surukanka za su iya takowa da ƙafa. A Bukuru sai sun ratsa gari guda.

Ruwa kam gaskiya ne, za ka sha sayen ruwa a Rikkos, kuma haƙa rijiya a wurin ba tabbas, ƙasar dutse ce. Ni dai na fi son in sayi ruwa in yi barci da ido biyu rufe. Rikkos zan ɗauka.

Tsohon safiyo, Gyallesu:

Ƙanena, na yi aikin awon fili shekaru masu yawa kafin in yi ritaya, kuma na taka ƙasar Filato. Maganar tsaro an faɗa maka, ba zan maimaita ba. Ni ta ƙasa da takarda zan yi.

Da farko kududdufin nan. Turawan kamfanonin kuza sun yi shekaru suna tonon yankin Bukuru, suka tafi suka bar ramuka, ruwa ya cika su. Waɗanda kake gani da ido su ne masu sauƙi. Matsalar ita ce wuraren da aka cike da ƙasa daga baya aka yanka filaye a kai. Irin wannan ƙasar ba ta gama zama ba, gini yana iya tsagewa bayan damina biyu ko uku. Ka koma gidan da rana tsaka, kai da magininka, ba wanda dillali ya kawo ba. Ku duba kusurwoyin ɗakuna da saman tagogi. In ka ga sabon shafen siminti a tsaye daga sama zuwa ƙasa an bi shi da fenti, tsaga aka rufe. Ku buɗe ƙofofi ku rufe, wadda take cijewa a sama tana gaya maka ginin ya motsa. Ka leƙa katangar maƙwabta ma, su ba sayarwa za su yi ba, ba su ɓoye komai ba. Ruwan rijiyar kuma ka ɗiba a gora a kai ɗakin gwaji kafin yaranka su sha, domin ƙasar da aka wanke kuza a cikinta ba kowace ce lafiyayya ba.

Sai takarda. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar birni tana hannun gwamna, don haka takardar da ta fi ƙarfi ita ce shaidar mallaka ta gwamnatin jiha, wadda ake kira C of O. Gidaje da yawa a tsofaffin unguwanni ba su da ita, sai takardar ciniki da sa hannun mai unguwa. Wannan ba ya nufin gidan na sata ne, amma aikinka ya ƙaru. Gidan Rikkos tsoho ne, to ina kyautata zaton na gado ne. Kada ka ba da ko sisi sai duk magada sun zauna, mata da maza, har wanda yake wani gari, kowa ya sa hannu a gaban shaidu. Na ga gidan da aka saya aka gyara, bayan shekaru wata ƙanwa ta dawo daga gidan aure ta ce ba da saninta ba, aka ƙare a kotu. Na Bukuru kuma ka bi asalin filin: daga hannun wane dangi ya fito, ta hannun wa da wa ya biyo kafin mai sayar maka. Ka ɗauki lauya na can, ba na Zariya ba, ya je ma'aikatar filaye ya bincika lambar filin.

Wani abu da ya faɗo mini, hanyar nan da kake bi ta Pambeguwa da Saminaka da Jengre ba yau Zazzagawa suka fara bin ta ba. Akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ya haɗa Zariya da Jos har Bukuru tun wajen 1914, don jigilar kuza, aka rufe shi a 1957. Mahaifina ya shige shi, yana ba mu labarin yadda yake jan jiki a hawan dutse.

In ka tilasta ni in zaɓa, wanda takardarsa ta fi tsabta shi zan saya, ko a ina yake.

Maman 'Yan Biyu, Sabon Gari:

Yaya, ni na yi zaman aure a Bukuru kafin a yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Zariya, kuma ba na jin daɗin yadda ake tsorata mutane da garin. Mun zauna cikin gari kusa da kasuwa, muna da masallaci da Islamiyya, maƙwabciyata ta bayan gida Birom ce, ita ta riƙe mini yara ranar da naƙuda ta kama ni da dare. Akwai kasuwar Kara ta dabbobi, akwai sarari, iska tana shiga ɗaki. Rikkos kuwa na sha zuwa suna da biki, cunkoson ya isa. Amma na yarda da Ɗan Gangare a kan abu ɗaya, cikin gari daban, gefen gari daban.

Abin da ba wanda ya ambata shi ne sanyi. Kai kana zuwa ka yi lodi ka dawo, yaranka kuwa a zafin Zariya suka tashi. Jos da Bukuru sun haura mita 1,200 a tudu, Zariya ba ta kai 700 ba. A Disamba da Janairu ruwan randa ba ya taɓuwa da asuba, sai an dafa kafin yaro ya yi alwala. Shekararmu ta farko tari da mura ba su bar gidana ba. Ka duba gidan yana da silin, tagogin suna rufuwa ruf, in ba haka ba ka sa kuɗin gyaran a lissafi. Kuma don Allah kada a kwana da gawayi a ɗaki a rufe, yana kisa.

Kududdufin nan kuma ka ɗauke shi da gaske. Bakinsa ba gangare ba ne, zurfi ne kai tsaye, kuma yara maza ba sa jin bari. In gidan ba shi da katanga ta baya mai tsayi, ni ban yarda ba.

Sannan ita maiɗakin naka me ta ce? Ka ba mu labarin dankali da rumbu da hanyar mota, ba ka faɗi ra'ayinta ba, alhali ita za ta wuni a gidan kai kana hanya.

Ɗan Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Hajiya, ita Rikkos take so tun farko, saboda mahaifiyarta ba ta da cikakkiyar lafiya, kuma asibitin koyarwa na Lamingo ya fi kusa daga can. Ni ne filin Bukuru ya ja hankalina, don ajiyar dankali tana cin kuɗina duk shekara.

Baba safiyo, na kira dillalin Rikkos bayan na karanta bayaninku. Gidan na gado ne kamar yadda kuka zata, kuma ɗaya daga cikin magadan yana Legas. Na ce masa ba maganar kafin alƙalami sai ya zo ko ya aiko da wakilci a rubuce. Na Bukuru kuma zan koma da maginina ranar da na je lodi, mu duba bangon, in kuma zauna da mai unguwar in ji su wa ke layin.

Abin da nake tunani yanzu, in magadan suka daidaita, in sayi na Rikkos don iyali, in kama hayar shago a Bukuru don kaya. Wanda ya san yadda hayar shagon ajiya take a wajen kasuwar Bukuru a bana, don Allah ya taimaka mini da bayani.