Kwamfutar makaranta a ɗakin yaro: muhawarar zauren iyaye

Baban Yara: Assalamu alaikum jama'a. Abin nan ya ishe ni, a saurare ni. Gundumomin makarantu a nan Amurka suna raba wa yara kwamfutar tafi-da-gidanka ta Chromebook kyauta, iyaye sai murna, alhali ɗan rahoto aka shigo da shi har ɗakin yaro. Shafin da ya buɗe da abin da ya nema, ko da sha ɗayan dare ne a kan intanet ɗin gidan ubansa, ana iya ajiye shi. Ikon makaranta a kan yaro daga ƙararrawar safe ne zuwa ta tashi. Wa ya ba ta iko da darensa? Kuma duk mun yi shiru.

Malama: Wa alaikumus salam. Baban Yara, gyara kaɗan, ba kyauta ba ce, aro ne. Takardar da iyaye ke sa wa hannu a farkon shekara ta faɗi cewa na'urar mallakar gunduma ce. Akwai lambar kadara manne a bayanta, ana mayarwa idan yaro ya bar makarantar, kuma gundumomi da yawa suna karɓar kuɗin gyara idan gilashin ya fashe ko caja ta ɓace. Mai kaya kuwa yana da damar sanin abin da ake yi da kayansa.

Kawu: Aro daga hannun wa, Malama? Makarantun gwamnati a ƙasar nan da harajin gidaje da kuɗin jiha ake tafiyar da su. Ɗan haya ma yana biya, a cikin kuɗin hayarsa yake. Ba kyauta ba ce, ba aro ba ne, kuɗinmu ne aka saya da shi.

Hajiya: Kawu, in haka ne motar makaranta ma taka ce, ka je ka ɗauka. Abin da aka miƙo maka ba ka zaro ko sisi ba a ranar, kyauta sunansa a wurin talaka. Gida mai yara huɗu ba zai iya sayen kwamfuta huɗu ba.

Malama: Hajiya, ranki ya daɗe, kyauta ba a karɓe ta a ƙarshen shekara.

Baban Yara: Ni ba sunan abin na kawo ba. Sa ido cikin dare nake magana.

Kawu: Ai sunan shi ne komai. Da zarar ka yarda aro ne, ka yarda da sharaɗin mai ba da aro ke nan.

Injiniya: Ku bar ni in faɗi yadda abin yake aiki, sai a ci gaba da rigimar suna. Wuri biyu ake ɗaure sa idon. Na farko a jikin na'urar: gunduma tana yi mata rajista a ƙarƙashin sunanta a shafin gudanarwa na Google, kuma yawanci ko an goge komai a cikinta, da ta hau intanet za ta koma ƙarƙashin gundumar da kanta. Na biyu a jikin asusun yaro, kuma nan ne iyaye ke faɗawa rami. Ƙananan manhajojin sa ido irin su GoGuardian da Securly ana tilasta su a kan asusun makaranta. Idan yaro ya zauna a kwamfutar gida, ya shiga burauzar Chrome da asusun makaranta ya amince a haɗa bayanansa, manhajojin nan suna iya sauka a wannan burauzar su ma. Daga nan duk wanda ya yi bincike a ƙarƙashin sunan yaron, uba ne ko uwa, an rubuta shi a matsayin aikin yaro. Maganin: a buɗe wa asusun makaranta nasa ɓangare daban a burauza, kada kowa ya taɓa shi sai don aikin makaranta. In kana so ka ga abin da aka ɗora, rubuta chrome://management a wurin adireshi, sannan chrome://policy. Za ka ga sunan hukumar da ke riƙe da burauzar da jerin dokokin da ta sa.

Kawu: Kuma kamarar tana kallon ɗaki kullum, kowa ya sani.

Injiniya: A'a Kawu, kada mu ƙara gishiri. Manhajojin nan shafuka da bincike suke rubutawa, wasu suna nuna wa malami fuskar kwamfutar yaro lokacin darasi, irin su Gaggle kuma suna duba wasiƙu da takardun da ke asusun makaranta don neman kalmomin cutar da kai ko barazana. Kallon ɗaki ta kamara wani abu ne daban.

Kawu: To Lower Merion fa? Kusa da Philadelphia, a 2010. Gunduma ta raba wa ɗaliban sakandare MacBook kusan 2,300 da manhajar neman wadda aka sace. In aka kunna ta, duk minti 15 sai ta ɗauki hoto. Aka gano hotuna sama da 56,000, har da na yaro yana barci a ɗakinsa. Dala 610,000 suka biya aka kashe ƙararraki biyun da ɗalibai suka shigar. Su ma aro suka ce.

Malama: An yi wannan, kuma abin kunya ne. Amma shekara nawa ke nan? Kuma tacewa ba son ran makaranta ba ne. Dokar CIPA ta 2000 ta ce makarantar da ke karɓar tallafin intanet na E-rate dole ta toshe hotunan batsa, ta kuma sa ido kan abin da yara ke yi a intanet.

Baban Yara: Dokar ta ce har gida? Har dare?

Kawu: Malama dole ki kare su, a can albashinki yake.

Malama: Kawu, wannan magana ba ta dace da girmanka ba. Malaman aji ba su ne ke sa hannu a kwangilar manhaja ba, hukumar gunduma ce, kuma zamanta a buɗe yake ga kowane uba. Mutum nawa a zauren nan ke zuwa?

Hajiya: Kawu ka janye. Malamai su ne ke fama da yaranmu yini guda. Ni dai abin da ya fi damuna waya ce, ba kwamfuta ba. Jihar New York ta hana wayar zamani daga ƙararrawar farko zuwa ta ƙarshe tun shekarar karatu ta 2025, ta ware dala miliyan 13.5 don wurin ajiya. Los Angeles ta fara nata a Fabrairun 2025. Wannan shi ne aiki.

Kawu: Wane aiki? Jakar Yondr ɗin da ake kulle waya a ciki da maganaɗisu ake buɗe ta a bakin ƙofa. Yara suna saka tsohuwar waya matacciya a jakar, ta gaskiyar tana cikin safa. In malami bai sa an kunna wayar a gabansa kafin a kulle ba, aikin banza ne. Ga layi a ƙofa lokacin tashi idan mabuɗan sun yi kaɗan.

Hajiya: Don wasu sun yi wayo sai a bar kowa da waya a aji? Kuma dokar New York ɗin ta keɓe masu larurar lafiya, kamar mai ciwon sukari da wayarsa ke karanta awonsa, da mai buƙatar fassara. Ta kuma wajabta wa makaranta ta ba iyaye hanyar samun yaransu da rana.

Kawu: Wayar da uba ya saya da kuɗinsa an kulle, kwamfutar da aka ce aro ce an sake ta har gado. Ku duba mini wannan.

Malama: Ka dawo kan aro ke nan, ka yarda.

Kawu: Ban yarda ba, maganarki na maimaita.

Injiniya: Babban haɗarin ma ba a ɗakin yaro yake ba, yana wurin kamfanonin da ke riƙe da rajista. A Disamban 2024 aka shiga rumbun PowerSchool, kamfanin manhajar rajistar ɗalibai, da kalmar sirrin da aka sace, ta ƙofar masu taimakon abokan ciniki wadda a lokacin ba ta da tabbatarwa mai mataki biyu. Bayanan ɗalibai da malamai miliyoyi suka fita: suna, adireshi, ranar haihuwa, a wasu gundumomi har lambar shaida ta Social Security da bayanan lafiya. Kamfanin ya biya fansa, duk da haka bayan wasu watanni aka riƙa aika wa gundumomi barazana da bayanan. Abin da uba zai iya yi a hannunsa: dokar FERPA ta 1974 ta ba ka damar neman ganin fayil ɗin yaronka, kuma makaranta ba ta da ikon wuce kwana 45. Ka nema a rubuce. Ka cika takardar ƙin a fitar da suna, hoto da adireshin yaro, ana ba da ita a farkon shekara kuma tana da wa'adi. Sannan, don kada wani ya ci bashi da sunan yaron, ka rufe bayanan bashinsa a kamfanonin da ke ajiye tarihin bashi, wato Equifax, Experian da TransUnion, duka ukun. Ba a biyan ko sisi, amma ga ƙaramin yaro sai ka aika takardar haihuwarsa da shaidarka.

Hajiya: Ka ga, wannan ma kyauta ne.

Baban Yara: Har yanzu ba wanda ya ba ni amsa. Akwai gundumomin da ke kashe sa ido bayan tashi, manhajojin suna da wurin saita lokaci. Me ya hana sauran?

Shugaban zaure: To jama'a, a tsaya haka, dare ya yi. Abin da aka cimma: na'urar aro ce, kamar yadda Malama ta bayyana tun farko da hujjar takarda, kuma makaranta doka take bi. Zancen kamara Injiniya ya rushe shi. Hana waya abu ne mai kyau, yawancin zaure na tare da Hajiya. Kawu zai nemi afuwar Malama. Kowa ya karanta takarda kafin ya sa hannu. Na rufe maganar.

Kawu: Shugaba, mutum biyu ne yawancin zaure? Kuma Lower Merion ba ka ambata ba, ba wanda ya rushe shi.

Baban Yara: Tambayata kan dare ma ba ta shiga ba. Zan kai ta zaman hukumar gunduma a rubuce, mai so ya sa hannu ya yi mini magana.