Ƙofar Sifinja ta ƙi zama bayan mun mayar da kai

Yaron Usta, Mai Wurno: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Mun sauke kan (wato ɗakin direba) wata babbar mota Bedford, irin wadda ake ce wa Sifinja, muka sake mata ƙarfen ƙasa saboda tsatsa ta cinye shi. Da muka mayar, ƙofar direba sai an ɗaga ta da gwiwa take rufuwa. Sama ta matse, ƙasa kuwa yatsa na shiga. Kwana biyu ina kwance noti ina ɗaurewa, Usta kuma, wato maigidanmu a gareji, ya yi tafiya Sinnar. Wanda ya taɓa gamuwa da haka ya taimaka.

Baba na Gadarif: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙyale ƙofar nan tukuna, ƙila ba laifinta ba ne. Na taɓa ɓata kwana uku a kan irin wannan, a tsakiyar kakar riɗi, mai mota na tsaye a kaina. Ashe robar da kan motar ke zama a kanta ta ɓangare ɗaya ta lotse, kan ya karkace. Na sake roba, na ɗaure kan a shasi a wurin da ƙasa ta daidaita, ƙofa ta faɗa gurbinta kamar ba ita ba. Ka auna bakin ƙofar daga kusurwa zuwa kusurwa, ka gwada da na ɗaya gefen. Kuma kun tokare bakin da ƙarfe kafin ku yanke ƙasan? In ba ku yi ba, zafin walda ya ja shi.

Yaron Usta: Wallahi Baba ba mu tokare ba.

Baba na Gadarif: To ka ga inda gizo ke saƙar.

Samkari, Kassala: Ni kuskurena daban ne. Na saita ƙofa ba gilashi, ba injin ɗaga shi, ta zauna cif. Ina zuba mata kayan cikinta sai ta sunkuya. Tun ran nan nakan bar gefen makulli ya ɗan ɗaga kaɗan, nauyi ya sauko da shi. Sannan ƙanena, cire ƙarfen da makulli ke kamawa a jikin ginshiƙi, ka saita ƙofa da hinji kaɗai, ratar ta zama kamar milimita 4 zuwa 5 ko'ina. Shi ƙarfen a ƙarshe ake mayar da shi. In ka bar shi, shi zai riƙa jan ƙofar yana ɓoye maka ciwon.

Direban Bor Sudan: Ni ba makaniki ba ne, amma na sha wuyarta. Buɗe ƙofar rabi ka ɗaga ta daga ƙarshe. In ka ji ƙwal-ƙwal, ƙusar hinjin ce ta cinye, kuma ko washa goma ka cusa aikin banza ne. Motar da aka fara ƙerawa a Ingila tun 1958, wasu hinjin ma sun girme mu.

Samkari, Kassala: Na manta: sabuwar robar bakin ƙofa takan turo ta waje na 'yan kwanaki, kada ka biye mata ka matsar da makulli ciki. Gaba kuma kafin ka kwance hinji, huda ɗan rami na milimita 3 ya ratsa har ginshiƙi, ran mayarwa ƙusa kawai za ka zura.

Yaron Usta: Na auna, Baba. Gefen direba ya bambanta da ɗayan da kusan faɗin yatsa. Na aro jak, gobe bayan asuba zan tura ginshiƙin in Allah ya kai mu, kafin Usta ya dawo.