Karas ɗin daji ne ko tsiro mai dafi? Na kasa rabewa

Assalamu alaikum jama'a. Tun watan Yuli nake bin hanyar ƙafa ta bakin teku a yankin Lizard, a Cornwall ta Ingila, ina ɗaukar hotunan furanni. Wani farin fure mai kamar laima ya hana ni sakat.

Manhajar wayata ta ce karas ɗin daji ne, wato Daucus carota. Na sake ɗaukarsa daga gefe, sai ta ce Conium maculatum, tsiron nan mai kisa. To, ina zan kama?

Na durƙusa na duba da kyau. Karan yana da gashi, yana kartar yatsa, babu ɗigon shunayya ko ɗaya, alhali mai dafin karansa sumul yake da ɗigo-ɗigo. Na murza ganye, ƙamshin karas na ji, ba warin ɓera irin na mai dafin ba (na wanke hannu nan take, ba na wasa da rai). Amma abu biyu sun ƙi daidaituwa. Babu jan ɗigon da karas ɗin daji yakan samu a tsakiyar laimar. Kuma na koma a ƙarshen Agusta, ya yi 'ya'ya, amma kan bai dunƙule kamar sheƙar tsuntsu yadda na karas ɗin daji ke yi ba, yana nan a baje. Ga shi gajere, ganyen da kauri, a bakin dutse inda iskar gishiri ke dukansa.

Wanda ya san tsirran gaɓar nan: wace alama guda zan duba da za ta tabbatar min karas ɗin teku ne, wato nau'in karas ɗin daji na bakin teku da ake kira gummifer?