Ƙaramar bindigar aljihu: wa ya gwada a cikinku?

Baban Khalifa (Houston, Amurka): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Lasisina na ɗaukar bindiga a ɓoye ya fito watan jiya, saura saye. Ina rufe shago wajen sha ɗayan dare, ni kaɗai, kuma tsakanin shagon da inda nake ajiye mota akwai 'yar tafiya a duhu. An nuna min Ruger LCP a kanti, 'yar mitsitsiya ce, tafin hannuna ya rufe ta ruf. Raina ya biya, amma kuma sai na ga kamar ta wasan yara. Wanda ya riƙe irinta ya faɗa min gaskiya.

Direban Columbus: Wa alaikumus salam. Shekara huɗu ke nan tana aljihuna. Tun 2008 ake yin ta, harsashin .380 take ci, shida a magazin, wato gidan harsashi, ɗaya a baki, nauyinta bai kai gram 300 ba. Kafin ita Glock 19 na saya, mai cin goma sha biyar, don kowa ya ce ita ce bindiga. Gaskiya ne, amma idan ka cika ta ta haura gram 800. Da zafi ya shigo na koma riga mai gajeren hannu, sai na fara barin ta a gida, yau ciwon ƙugu, gobe sauri. Ranar da na lissafa, na fi wata biyu ban fita da ita ba. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Wannan 'yar ƙaramar kuwa har mantawa nake tana jikina.

Kawu na Atlanta: Direba ya faɗi rabi ya bar rabi. Baban Khalifa, ka taɓa harba ta? Kada ka ga ƙanƙantarta ka zaci sauƙi gare ta. Bindiga mai nauyi ita ke shanye tokarin harbi, marar nauyi kuwa hannunka take miƙa wa. Mariƙin LCP yatsa biyu yake ɗauka, ƙaramin yatsanka a iska yake lilo. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya gajeriya ce, hannunka ya ɗan motsa kaɗan, harsashi ya kauce da yawa. Na ga ƙarti majiya ƙarfi sun harba ashirin sun ajiye suna yarfe hannu. Abin da ba ka jin daɗin harbawa ba za ka je atisaye da shi ba, wanda ba ya atisaye kuwa ƙarfe kawai yake yawo da shi. Ni SIG Sauer P365 nake ba sabon shiga shawara. A 2018 ta fito, harsashin 9mm take ci, goma a magazin, kusan rabin kilo. Tana ɓuya, kuma tana harbuwa.

Baban Khalifa (Houston): Kawu, ban harba ba tukuna, riƙewa kawai na yi. To amma P365 ai sai da bel ko?

Alhaji Dallas: Yawwa, ka taɓo inda nake jira. Duk bidiyon da Turawa ke yi a YouTube, mutum ne da wandon jins da bel mai kauri. Mu fa? Ranar Juma'a kaftani, ranar suna kaftani, Sallah babbar riga. Wandon kaftani zariya gare shi, ka rataya masa rabin kilo ka ga yadda zai bi ƙasa da kai a tsakiyar jama'a. Ko da ka sa bel a ciki, kafin ka tattare riga mai kaiwa gwiwa ka kai hannu ƙugu, mai abin ya gama abinsa. A nan ƙaramar ta yi wa kowa fintinkau: aljihun gefe na kaftani kamar don ita aka ɗinka shi. Hannunka na cikin aljihu, ba wanda zai ɗauka wani abu ne, ai haka dattawa ke tsayuwa.

Sharaɗi biyu dai. Dole ta zauna cikin kuben aljihu wanda ya rufe kunama gaba ɗaya, kuma aljihun nan nata ne ita kaɗai, ba makulli, ba carbi, ba canji. Na biyu, ka kai wa telanka ya ƙara wa aljihun zurfi ya ninka yadin. Nawa na farko shadda ce mai laushi, na yi ruku'u a gida na ji abu ya zame ya daki kafet. Allah ya rufa asiri a ɗakina ne.

Kawu na Atlanta: Wannan na sallama, Alhaji. Ni kaftani sai Idi zuwa Idi, shi ya sa ban kawo shi a lissafi ba. In dai aljihu ne, a duba LCP Max ta 2021, goma take ci kuma saitinta ya fi na tsohuwar ganuwa.

Maman Ilham: Sannunku da hira. Ni abin da ya raba ni da ƙananan nan ɗanawa ce. Maigida ya saya min ɗaya don ya ga ta dace da hannun mace, na ja saman nan har fuskata ta yi ja, ya ƙi zuwa baya. Ashe ƙanƙantar ce ke sa sifirin ɗin ya yi tauri, ga wurin kamawa ba yawa. Muka canza da Shield EZ ta Smith & Wesson, ita da ma don masu raunin hannu aka yi ta. Ta ɗan fi girma, amma abaya na rufe komai. Iyaye mata kuma don Allah a bar zancen jefa ta a jaka. Jakar uwa rumbun yara ce, can suke neman alawa da waya. In ba a jikinki take ba, to tana cikin akwatin ƙarfe a kulle.

Dattijon Unguwa: Ba wanda ya ambaci libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa? Smith & Wesson 642, harsashi biyar na .38, gram 400 da 'yan kai. Ba abin ja, ba abin murɗawa, kuma ƙurar aljihu ba ta cika damun ta ba. Kunamarta dai da nauyi, ita ma tana tokari ba kaɗan ba.

Ɗan Agadas: Tambayata, shi .380 ɗin yana da ƙarfin tsayar da mutum kuwa?

Direban Columbus: Ma'aunin da aka fi bi na FBI ne, hukumar binciken laifuka ta Amurka: harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wata daskararriyar kwaɓa da ake gwaji da ita. 9mm na cika wannan cikin sauƙi. Shi .380 daga gajeren bututu a bakin iyaka yake, wani samfurin ya kai, wani ya gaza, musamman masu buɗewa idan sun shiga. Sai ka zaɓi samfur da kyau, ka harba shi a taka bindigar ka tabbatar ba ya maƙalewa.

Ɗalibi a Ohio: Ni da nake da bizar karatu fa? Na ji an ce tun 2022 Ohio ba ta neman lasisi.

Shugaban Zaure: Ɗana, tsaya nan. Dokar jiha daban, ta tarayya daban. Ta tarayya ta hana mai bizar zama na ɗan lokaci mallakar bindiga, in ban da 'yan togaciya kaɗan, kuma kuskure a nan ɗauri ne da kora. Mai katin zama na dindindin shi an yarda masa. Kada ka taɓa sai ka zauna da lauya. Masu tuƙin Uber ma su sani, ƙa'idar kamfanin ta hana ɗauka a bakin aiki.

Baban Khalifa, ka kyauta da ka yi lasisi duk da Texas ta daina tilastawa tun Satumbar 2021, don yana amfani idan ka tsallaka wasu jihohin. Ka kula da allon 30.06 a ƙofar gini, wanda ke hana mai lasisi shiga da bindiga a ɓoye, ka kuma tambayi kwamitin masallacinku matsayinsu kafin ka shiga da ita. Sai maganar 'yan sanda. Kada mu manta da Philando Castile, a 2016 a Minnesota: yana da lasisi, ya faɗa wa ɗan sandan da bakinsa cewa akwai bindiga a jikinsa, aka harbe shi a cikin motarsa. Fatarmu ɗaya da shi. Bindigar aljihu kusa da walat take, don haka in an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, ka yi bayani, kada ka laluba aljihu sai an ce ka laluba. Ni lasisin tuƙina ma a saman gilashin gaba, daga cikin mota, nake maƙale shi.

Baban Khalifa (Houston): Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Akwai filin harbi kusa da mu da ke ba da haya. Asabar in sha Allahu zan gwada LCP Max da P365 da libarbar Dattijo, kowacce akwatin harsashi guda, kafin in fitar da ko sisi.

Alhaji Dallas: Ka tafi da kaftanin a mota. Ba za su bar ka ka zaro daga aljihu a layin harbi ba, amma a kanti ka roƙa su ba ka marar harsashi da kubenta, ka saka, ka zauna, ka tashi, ka sunkuya ka gani.